Sayen Ganyen Shayi a Intanet: Wace Hanya Ta Dace da Wane Shayi

Ganyen shayi kaya ne da hanci da harshe suke tantancewa, ga shi kuma a intanet ba a shinshinawa, ba a ɗanɗanawa. Abin da ke gaban mai saye hoto ne da 'yan layukan bayani da farashi. Shi ya sa in aka tambaya wane shafi ya fi kyau, amsar ba ɗaya ba ce. Inda ya dace a sayi kwalin shayi mai zare na karin kumallo daban, inda ya dace a sayi ganyen ataya daban, wanda kuma ke neman Darjeeling, shayin wani yankin tsaunuka na Indiya, na sabon tsinka ba zai same shi inda mai shayin bakin titi yake sari ba. Hanyoyin da ke buɗe ga yawancinmu huɗu ne: manyan kasuwannin intanet na gida irin su Jumia da Konga, 'yan kasuwar WhatsApp da Instagram da Jiji, shagunan da ke aiko da shayi kai tsaye daga ƙasar da ake noma shi, sai manyan kasuwannin waje irin su AliExpress da Amazon da Alibaba. Kowace tana da shayin da ta fi ƙwarewa a kai, tana kuma da inda take kayar da mutum.

A fara da sanin abin da ake sha

Baƙin shayin da akasarin mutanenmu ke sha da madara da sukari, mai zare ne ko na awo, yawanci irin da ake kira CTC ne. Inji ne ke murƙushe ganyen, ya yayyaga shi, ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana. A Assam ta Indiya aka fara wannan aiki a farkon shekarun 1930, yau kuma mafi yawan shayin Kenya haka ake sarrafa shi. Yana sakin launi cikin minti biyu zuwa uku, yana da ƙarfi, madara ba ta kashe shi. In a rufe yake da kyau, yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu bai canza sosai ba.

Akwai kuma baƙin shayi mai dogon ganye, wanda aka murza ba a niƙa ba, irin Darjeeling da wasu na Sri Lanka da na lardin Yunnan na Sin. Shi don ƙamshi ake sayensa. Sai koren shayi, wanda ake yi wa zafi da wuri bayan tsinka don kada ya yi baƙi. Ganyen ataya yana cikin wannan rukuni. Koren shayi ya fi saurin tsufa: mai taushi irin na Japan ko Longjing na Sin ya kamata a shanye shi cikin wata shida zuwa shekara, matcha kuwa, wato niƙaƙƙen garin koren shayi, da zarar an buɗe shi wata ɗaya zuwa biyu ne yake da shi.

Wannan bambanci shi ke yanke hukunci. Shayin da ke jure zama ana iya sayensa a ko'ina muddin na gaske ne. Wanda ba ya jurewa sai daga hannun mai sayarwar da ya san ranar da aka tsinke shi.

Abin da ya kamata shafin mai sayarwa ya faɗa

Mai sayarwa nagari ana gane shi tun daga rubutun da ya sa a ƙarƙashin hoto. Na farko, asali. "Shayin Indiya" ko "shayin ƙasar waje" ba bayani ba ne. Ana so a ga yanki: a Indiya, Assam ko Darjeeling ko Nilgiri, a Sri Lanka, Uva ko Dimbula ko Nuwara Eliya ko Ruhuna, a Kenya, Kericho ko Nandi. In mai tsada ne, a ga har sunan gona. Gonakin Darjeeling 87 ne, kowace da sunanta, irin su Makaibari da Castleton da Margaret's Hope, kuma kowane rukunin da gona ta fitar a shekara yana da lamba mai farawa da DJ. DJ-5 na nufin rukuni na biyar na wannan shekarar, wato na farkon kaka. Wanda ya rubuta sunan gona da wannan lamba ya san kayansa. Sunan Darjeeling yana da rajistar kariya a Indiya tun 2004, saboda an daɗe ana sayar da shayi da wannan suna fiye da abin da gonakin ke iya fitarwa. Sri Lanka ma tana da tambarin zaki riƙe da takobi, wanda hukumar shayin ƙasar ba ta yarda a buga shi sai a kan shayin ƙasar zalla da aka ƙulla a can cikin ƙasar.

Na biyu, daraja. Haruffan da ake jerawa, OP, BOP, FOP, TGFOP har zuwa SFTGFOP, girman ganye da yawan tohon da ke ciki suke nunawa, ba daɗi ba. BOP na gona mai kyau ya fi FTGFOP na gonar da ba ta iya aiki ba. A shayin CTC za a ga BP1 da PF1 da PD da D1, daga manyan ƙwayoyi zuwa gari. Mai gari ya fi saurin yin ja da ƙarfi, shi ake zubawa a yawancin shayi mai zare. BP1 ya fi sauƙin tacewa, baurinsa kuma bai kai na garin ba.

Na uku, kwanan wata, kuma nan ne aka fi yin ɓoyo. Ranar ƙarewar aiki kawai ba ta isa ba, domin kamfanoni da yawa suna ba shayi shekara biyu ko uku daga ranar da aka ƙulla shi. Kwalin koren shayin da ya rage masa wata huɗu ya ƙare ya riga ya tsufa, ko da doka ba ta hana sayar da shi ba. A nemi ranar da aka ƙulla, in da hali ranar tsinka. Darjeeling na farko ana tsinkarsa a watan Maris da Afrilu, na biyu a Mayu da Yuni, na ƙarshe a Oktoba da Nuwamba. Longjing mafi tsada shi ne wanda aka tsinka kafin farkon Afrilu. Sabon koren shayin Japan yana fitowa a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Kenya kuwa tana kan tsakiyar duniya, duk shekara ake tsinka, don haka a nata ranar ƙulli kawai za a duba.

Sauran biyun, nauyi da irin mazubi. A ga nauyin ganyen kansa a giram, ban da gwangwani. Mazubi kuma ya zama wanda haske da iska ba sa ratsawa: leda mai rufin alminiyam a ciki, ko gwangwani mai murfi biyu. Ganyen da aka zuba a kwalba garai-garai yana da kyau a hoto, amma haske yana cin launinsa da ƙamshinsa.

Jumia da Konga

Waɗannan biyun, da suka fara aiki a Legas a 2012, sun fi ƙarfi a shayin kamfani da aka riga aka sani: Lipton, Top Tea, Ahmad Tea, Twinings, Dilmah, wani lokaci da Highland Tea na tsaunin Mambila, wanda ake nomawa a Kakara cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Amfaninsu a fili yake. Da naira ake biya, kaya na zuwa cikin kwanaki, babu ruwanka da kwastan, akwai kuma hanyar mayar da kaya in an aiko da wanda ba shi aka saya ba. A wasu garuruwa ana iya biya bayan kaya sun iso.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, yawancin kayan ba na Jumia ko Konga ba ne, na 'yan kasuwa ne daban-daban da ke amfani da dandalin. Kwalin shayi iri ɗaya mutum biyar za su sa shi da farashi biyar. A duba sunan mai sayarwa da makinsa da yawan cinikin da ya yi, in akwai shagon kamfanin kansa a dandalin a fifita shi. A karanta sharhin masu saye daga mafi ƙarancin tauraro, domin a nan ake jin labarin kwalin da ya zo a murƙushe ko wanda ya kusa ƙarewa. Sannan a lura da adadi: hoton kwali mai ƙulli 100 ne, amma rubutun ƙasa ya ce 25. Wannan yana faruwa sosai, kuma rubutun ne ake bi in aka zo jayayya.

Rauninsu shi ne da wuya a ga ranar ƙulli kafin a biya, kuma ba a san watannin da kwalin ya yi a sito mai zafi ba. Ga CTC wannan ba babbar matsala ba ce. Ga koren shayi mai taushi babba ce. A ganinmu waɗannan dandali na shayin yau da kullum ne, kada a nemi na musamman a cikinsu. Kowane kwali da aka yi wa rajistar sayarwa a Najeriya ya kamata a ga lambar NAFDAC a jikinsa, a duba ta da ya iso.

'Yan WhatsApp da Instagram da Jiji

A nan ne ganyen ataya yake, da haɗin kayan shayi, da na'a-na'a busasshiya. A Nijar, inda manyan dandalin nan ba sa aiki, wannan ce ma babbar hanyar sayen kaya ta waya. Babu mai shiga tsakani, don haka in an dace ana samun abin da babu shi a ko'ina, in ba a dace ba kuɗi sun tafi ke nan.

Ganyen ataya daga Sin yake zuwa, kuma iri biyu ne. Akwai dunƙulalle, wanda lardin Zhejiang ya yi suna a kai, lambarsa 3505, ana ƙara masa harafin A don nuna daraja: 3505AAA ya fi 3505A, shi kuma ya fi 3505 zalla. Akwai kuma Chunmee, siririn ganye lanƙwasasshe, wanda a lambobinsa 41022 da 4011 ne na sama, 9371 na biye, sannan a gangara 9370, 9369, 9368 zuwa 9366. Duk da haka, lambar da ke jikin kwali kamfanin da ya ƙulla ne ya buga ta, 41022 na wannan ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. Ido ne zai raba gardama. A ce wa mai sayarwa ya buɗe kwali ɗaya, ya zuba ganyen a farar takarda, ya ɗauki bidiyo a hasken rana, ya kuma juya kwalin a ga ranar da aka ƙulla. Dunƙulalle mai kyau ƙwayoyinsa ƙanana ne, a matse suke, girmansu kusan ɗaya, launinsu kore mai duhu da ɗan sheƙi. Manyan ƙwayoyi sakakku, masu launin rawaya-rawaya, da itatuwa a ciki da gari a gindin kwali, alamar tsohon ganye ce ko na ƙasa. Chunmee mai kyau tsawonsa daidai ne, ba gutsattsari ba.

Wanne za a zaɓa? Dunƙulalle yana buɗewa a hankali, yana da ɗan ƙauri, yana jure dahuwa har zagaye uku ba tare da ya zama lami ba. Chunmee yana sakin ƙarfinsa da wuri, yana da bauri da ɗan tsami-tsami, masu son na farko mai ɗaci da kumfa sosai sukan fi son sa. Wanda bai tabbata ba ya sayi ƙaramin kwali na kowanne kafin ya yi maganar katan.

Game da haɗin kayan shayi, citta da kanumfari da kirfa da masoro, a fifita mai sayar da su a ɗanyen siffarsu ko a ɗan farfasa, ba gari ba. Gari yana rasa ƙamshi cikin makonni, kuma ba wanda ya san abin da aka niƙa a ciki don ya yi auki. A tambayi abin da aka haɗa ɗaya bayan ɗaya. Mai cewa sirrin sana'a ne, a bar masa kayansa, musamman in a gidan akwai mai juna biyu ko mai shan maganin hawan jini ko na suga.

Nan ne kuma ya kamata a yi maganar abin da ake tallatawa da sunan shayin rage ƙiba ko na rage tumbi. Da yawa daga cikinsu ganyen filasko ne a ciki, wanda ke sa gudawa. Abin da ke sauka a sikeli ruwan jiki ne, ba kitse ba, kuma yawan shan sa na iya rage gishirin jiki ya kuma sa hanji ya daina aiki sai da shi. In babu jerin abin da ke ciki kuma babu lambar rajista, kada a saya.

Wajen biya, a fara da kaɗan. A duba ko sunan asusun banki ya yi daidai da sunan da mutum ke kasuwanci da shi. Jiji allon talla ne kawai, ba ya riƙe kuɗi har kaya su iso, shi ya sa ya fi dacewa da mai sayarwar da ke gari ɗaya da kai, a ga kaya a biya. In ta tasha za a aiko, a matsa a nannaɗe kwalin da leda biyu a ɗaure. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi, in ya kwana a but ɗin mota kusa da jarkar fetur ko katan ɗin sabulu ko turaren wuta, babu abin da zai fitar da wannan warin. Ga mazauna Kano, kafin a biya kuɗin aike yana da kyau a kwatanta da farashin kasuwar Singa, domin sau da yawa daga can ɗan intanet ɗin ya saro.

Shagunan da ke aikowa daga ƙasar noma

Vahdam da Teabox daga Indiya suke aikowa, Yunnan Sourcing daga Sin, akwai kuma ƙananan shaguna a Ingila da Jamus da Amurka da ke saye kai tsaye daga gonaki, irin What-Cha ta Ingila. A nan ne ake samun duk bayanan da aka ambata a sama: gona, wata, shekara, daraja, hoton busasshen ganye da jiƙaƙƙe da ruwan a kofi. Yawancinsu suna sayar da samfur na giram 10 ko 25. Ta fuskar inganci babu wata hanya cikin huɗun da ta kama ƙafarsu.

Wahalar tana wajen isowa. Abu na farko, kafin a ɓata lokaci ana zaɓe, a sa abu ɗaya a kwando a je shafin biya a ga ko ƙasarka tana cikin jerin da suke kaiwa, a kuma ga kuɗin aike. Sau da yawa kuɗin aiken giram 200 ya fi kuɗin shayin. Kamfanonin aika kaya ta jirgi irin DHL ba nauyin sikeli kawai suke dubawa ba, har da girman katan: ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5000, in abin da ya fito ya fi nauyin gaske, shi za a caza. Katan mai santimita 30 da 30 da 20 za a lissafa shi kilo 3.6 ko da abin da ke ciki kilo ɗaya ne. Saboda haka a zaɓi leda maimakon gwangwanin ado, a kuma san cewa manyan ganye masu cika wuri, irin farin shayi, wanda shanya shi kawai ake yi ba a murzawa, sun fi dunƙulalle tsadar ɗauka. Aike ta gidan waya ya fi araha, amma yana iya ɗaukar makonni, kuma dole a sa lambar waya mai aiki. A sa ran kwastan ko kamfanin da ya kawo za su iya neman ƙarin kuɗi kafin su saki kaya. A kuma tambayi banki ko katin da ake da shi yana biyan kuɗin waje, da iyakar abin da zai biya a wata. Hanyar rage nauyin duk wannan ita ce mutum uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya su raba kuɗin aike.

Akwai kuskuren da ke sa mutane su ce an cuce su alhali ba a cuce su ba. Mutum ya saba da shayi ja mai kauri da madara, ya ji ana yabon Darjeeling na farkon tsinka, ya kashe kuɗi mai yawa, ya dafa ya ga ruwa fatsi-fatsi mai ƙamshin fure, ya zuba madara komai ya ɓace. Wannan shayin ba na madara ba ne. Mai son ƙarfi ya nemi Assam na tsinka na biyu, ko na Kenya, ko na Ruhuna a Sri Lanka. Haka kuma tambarin kwaɗo na Rainforest Alliance da na Fairtrade yadda aka yi noma da cinikin suke shaidawa, ba su ce komai game da daɗi ba.

AliExpress da Amazon da Alibaba

AliExpress yana da kyau wajen buta da matacin shayi da ƙananan kofuna da sikelin giram. Wajen ganye kuwa sai da taka-tsantsan. Yankin da ake noma Longjing na asali a gefen tafkin Hangzhou ƙarami ne, shayinsa kuma mai tsada ne ko a can Sin, don haka duk wanda ya sa shi da farashin shayin kasuwa, wani abu yake sayarwa. Haka tsohon Pu-erh, shayin Yunnan da ake ajiyewa ya tsufa, da aka ce ya shekara ashirin amma kuɗinsa bai kai na sabo ba. Amfanin dandalin shi ne yana riƙe kuɗi na wani lokaci, ana iya shigar da ƙorafi in kaya ba su zo ba, amma ba za a mayar da kuɗi don shayi ba shi da daɗi ba. Amazon yana da sanannun kamfanoni da yawa, sai dai kayan abinci da dama ba a aiko su wannan yanki kai tsaye, sai ta hannun masu karɓa a can su turo, kuɗi ya ninku.

Alibaba na masu sari ne. Masana'antun Zhejiang da Anhui suna sayar da 3505 da 41022 a nan, amma mafi ƙarancin abin da suke yarda su sayar yakan kai ɗaruruwan kilo ko kwantena. Mai niyyar shiga wannan sana'a ya nemi samfur daga masana'anta uku aƙalla, ya nemi takardar gwajin ragowar maganin ƙwari ta rukunin da za a ɗora masa, ba ta bara ba, ya raba samfurin da ya amince da shi gida biyu ya ajiye rabi a rufe don kwatantawa ranar da kaya suka iso. Ya kuma gama maganar rajistar shigo da kayan abinci kafin ya biya ko sisi.

Lissafin kofi ɗaya

Farashin kwali yana ruɗi, farashin kofi ne ke nuna gaskiya. Ƙullin shayi mai zare yawanci giram 2 ne, kwali mai 100 giram 200 ke nan, kofi 100. Sakakken ganye giram 250, in ana zuba giram 2.5 a kofi, shi ma kofi 100 ne. A haɗa kuɗin kaya da na aike da na kwastan da cajin banki, a raba da yawan kofuna. Sai a ƙara abu ɗaya: dogon ganye mai kyau ana maimaita masa ruwa sau biyu ko uku, wasu na Sin har fiye, shayi mai zare kuwa sau ɗaya ne ya gama. Ganyen da ya ninka wani tsada sau biyu amma yake ba da kofi uku ya fi shi araha. Mai teburin shayi ba wannan ne lissafinsa ba, shi launi da sauri yake nema, PF1 ko PD na kilo daga ɗan sari na gida ya fi masa duk wani abu da za a aiko ta jirgi.

In kaya sun iso

A ɗauki bidiyo tun daga yanka katan, domin shi ne hujja in za a yi ƙorafi, kuma dandali da yawa 'yan kwanaki kawai suke bayarwa. A duba hatimi da kwanan wata. A shinshina busasshen ganye: warin tsohuwar takarda ko na ɗaki mai laima alamar ya sha danshi ne. A murza ɗan ganye tsakanin yatsu, mai lafiya yana farfashewa da ƙara, wanda ya sha danshi lanƙwashewa yake yi. In aka ga fumfuna, a zubar.

Don kwatanta biyu ko uku, masu ɗanɗano a masana'anta suna zuba giram 2 a kowace mililita 100 ta tafasasshen ruwa, su rufe minti shida, ba sukari ba madara. Dahuwar tana da tsanani da gangan, don duk aibin da ke ɓoye ya fito. Bayan an tace a baje jiƙaƙƙen ganyen a faranti. Ganye mai daraja zai buɗe a ga siffarsa da launi iri ɗaya, na haɗe-haɗe za a ga wani kore wani baƙi da itatuwa. Don sha na yau da kullum kuwa, baƙin shayi yana son ruwa mai tafasa na minti uku zuwa biyar, koren shayi mai taushi yana son ruwan da ya ɗan huce zuwa digiri 75 ko 80 na minti biyu, in ba haka ba ɗaci zai rufe komai. Ganyen ataya a fara ɗauraye shi da ɗan ruwan zafi a zubar kafin a ɗora, yana rage ƙura da kaifin ɗaci.

Kafin a ɗora wa mai sayarwa laifi a duba ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yana dusashe launi, yana sa wata yana-yana ta taso a saman kofi, ruwan famfo mai warin magani kuma yana danne ƙamshi. A sake gwadawa da ruwan gora kafin a yanke hukunci.

A damina kada a sayi fiye da abin da za a shanye cikin wata biyu ko uku, domin kowace buɗewa danshi ke shiga. Da hunturu iska a bushe take, ana iya sayen mai yawa. Babbar leda a raba ta cikin ƙananan gwangwanaye masu matsattsen murfi, a riƙa buɗe ɗaya, a ajiye su nesa da murhu da daddawa da yaji. Firji bai dace da ledar da aka riga aka buɗe ba, musamman inda wuta ke zuwa tana tafiya, saboda in aka fito da ita raɓa takan kwanta a kan ganyen. Koren shayin da ke rufe ruf daga kamfani ana iya sa shi a firji, amma in an fito da shi a bar shi wasu sa'o'i ya daina sanyi tukuna kafin a yanka ledar.